Neman Baffa a Bayan Fakku

Ina da shekara talatin da takwas mahaifina ya gaya mini yana da ƙane. Tun muna yara akwai wani da tsofaffin gidanmu a Tambuwal suke kira "wanda ya tafi", amma na ɗauka mamaci ne, don da an ambace shi sai a sauya zance. Ran nan da safe, ina shirin tafiya makarantar da nake koyarwa, Baba ya sa aka kira ni. Na same shi a kishingiɗe a zaure, ƙafafunsa a kumbure. Wata uku ke nan rabonsa da masallaci.

"Zamna," ya ce. "Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Shina can bayan Fakku, gindin duwatsu, in dai shina da rai. Ka tafi ka ce mishi na yafe, shi ma shi yafe mini."

"Baba, me ya shiga tsakaninku?"

"Ba shi na aike ka ba."

Ya faɗa mini sunan mutumin, ya ce da shanu ya fita, shekara arba'in da wani abu. Iyakar abin da na samu ke nan. Na shiga wurin Inna ko za ta ƙara mini haske, ta ce ita ko da aka kawo ta gidan ba ta tarar da shi ba.

Ina da babur, amma iyakacina kwalta, daga gida zuwa makaranta. Don haka na kira taubashina, ɗan kawuna, makanikin babura a Dogon Daji. Sa'ana ne, kuma tun da muka taso bai taɓa yi mini magana ba tare da tsokana ba. Da na gama bayani ya yi dariya.

"Wato Malam, za mu neman mutumin da ba ka taɓa gani ba, wurin da ba ka sani ba, ka ba shi haƙuri kan abin da ba a gaya maka ba?"

Na ce haka ne. Ya ce zai zo ranar Asabar.

Ya iso bayan sallar asuba a kan wani tsohon babur da babu madubi ko ɗaya. Ya ɗaure galan biyu na mai a baya, da famfo, da kayan faci, da jarkar ruwa. Ni kuma na riƙo goro da sukari da ganyen shayi na gaisuwa. Bazara ce, tun hantsi bai yi ba rigata ta manne mini a baya.

Zuwa Kebbe ba mu sha wata wahala ba, in ban da ramuka. A bakin kasuwa muka tsaya wurin mai shayi, na faɗi sunan Baffa, na ce mutumin Tambuwal ne mai shanu. Mai shayin ya ce ya san shi sarai, gurgu ne. Wani dattijo da ke shan shayi a gefe ya ce ƙarya ne, ba gurgu ba ne, dogo ne mai jajayen shanu. Suka kama musu a kanmu, mu muna tsaye. Daga ƙarshe suka yarda a kan abu ɗaya: mu je Fakku mu sake tambaya.

Daga nan hanya ta fara raguwa, har ta koma sawun shanu da na amalanke. Muka shiga wani fili mai rairayi, fari fat, sai sabara da kalgo jefi-jefi, babu inuwar da za ta rufe mutum. Taubashina ya waiwayo ya ce, "In munka shiga rairayi kada ka sa ƙafa ƙasa. Kuma ka bar riƙe ni haka, ni ba matarka ba ne." Tayar baya ta riƙa wutsiya kamar kifi. Sau biyu ya tsira da mu. A na uku na tsorata na sauke ƙafa, sai ga mu a ƙasa, babur a kanmu, sukari ya fashe a cikin leda. Ya tashi yana tofar da yashi, bai ko zage ni ba, abin da ya nuna mini shi ma ya gaji.

Abin da ya fi rikita ni a wannan daji shi ne hanya ba ta rabuwa biyu, sai dai huɗu ko biyar, kuma duk kamarsu ɗaya. Waya ta daina kamawa tun bayan Kebbe. Muka tambayi wani manomi da ke sharar gona, ya nuna gabas da fartanya. Muka yi tafiya mai nisa muka haɗu da mata masu itace, suka ce mun baro hanya, mu koma yamma. Akwai wata kuka mai rami a gindi da na rantse mun wuce ta sau biyu. Taubashina ya ce duk kukoki haka suke.

Sai bayan la'asar muka shiga Fakku. Limamin wani ƙaramin masallaci ya saurare ni da kyau, sannan ya warware mana musun Kebbe, ya kuma ɗaura mana wani. Ya ce mutum biyu ne. Sunansu ɗaya, dukansu daga wajen Tambuwal suka zo da shanu, dukansu tsofaffi. Gurgun ya tashi da iyalinsa shekarun baya, wasu sun ce ya rasu, wasu sun ce ya yi kudu. Dogon kuwa yana nan bayan duwatsu.

"To wanne ne baffana?" na tambaya.

"Kai ya kamata ka gaya mini," in ji liman.

A zaurensa muka kwana. Da gari ya waye ya fito da mu bayan gari ya nuna mana wasu duwatsu jajaye masu shimfiɗaɗɗen kai, ya ce mu bi tsakanin na biyu da na uku. Daga nesa uku ne. Da muka matso sai suka zama bakwai.

Hawan nan ban taɓa ganin irinsa ba. Tsakuwa ce zalla da marmara, babur yana kuka a giya ɗaya, ni ina sauka ina turawa, ƙaya tana kama mini wando. A wani gangare dutse ya gusa ƙarƙashin taya, babur ya kwanta, salansa, wato bututun hayaƙi mai zafi, ta manne wa taubashina a ƙwauri. Kafin in ɗaga masa, fata ta saluɓe kamar tafin hannu. Muka wanke da ruwan jarka, na yaga hular kaina na ɗaure masa. Ya gwada taka giya ya kasa.

"Malam, yau kai ad direba," ya ce. "Allah shi jiƙanmu."

Haka na hau gaba. Yana bayana yana ba ni umarni a kunne: saki birki, ba shi wuta, kada ka kalli dutsen, kalli inda kake son zuwa. Ni kuwa ban san inda nake son zuwa ba. Muka gangara cikin wani busasshen rafi, muka bi shi don ya fi laushi, har muka ji kukan maraƙi.

Bukkoki biyar ne da rumbu biyu a gindin dutse, da garke babu shanu, an fita da su kiwo. Wani dogon tsoho yana zaune ƙarƙashin marke yana tufka igiya. Muka yi sallama, ya amsa, ya sa aka kawo mana fura. Wata tsohuwa, matarsa, ta ga ƙafar taubashina, ta koma ta dawo da wani abu a ƙoƙo ta shafa masa. Ni dai ina ta kallon fuskar tsohon, ina neman Baba a ciki. Goshin kamar shi ne. Hancin ba shi ba ne. Da ya yi tari sai na ji tarin Baba ne sak, amma kuma na tuna duk tsofaffi haka suke tari.

Na ajiye goro da abin da ya rage na sukari, na faɗi daga inda muke, na faɗi sunan mahaifina. Ya daina tufkar.

"Shina da rai?"

"Yana da rai, Baba, amma ba shi da lafiya. Shi ya aiko ni. Ya ce ya yafe, kai ma ka yafe masa."

Sai hawaye suka zubo masa, bai share ba. Ya kama hannuna ya riƙe, ya kira Baba da wani laƙabi na yarinta da ban taɓa ji ba. Na ce a raina, shi ke nan, mun same shi. Amma da ya shiga ba da labarin gida, sai ya ce gidanmu yana gabas da kasuwa, alhali yana yamma. Ya ambaci sunan uwarsu, ba sunan kakata ba ne. Na gyara masa a hankali. Ya ce wannan ai sunan da dangin miji suka sa mata ne, shi na yanka ya faɗa. Ya tambayi labarin wata ƙanwarsu, ya faɗi sunanta, kuma lallai ina da gwaggo mai wannan suna. Sai dai a unguwarmu kaɗai na san mata huɗu masu shi.

Da na tashi yin alwalar azahar, tsohuwar ta biyo ni da buta. Ta rage murya ta ce, "Ɗana, kada ranka shi ɓaci. Bara ma wasu masu sayen shanu sunka zo daga Tambuwal, ya ce ɗiyan wansa ne, ya yi ta kuka."

"To Inna, yana da wa a Tambuwal?"

"Shina da. Tun da ya aure ni yake faɗi. Sunan ne ban taɓa ji ba sai yau."

Na tsaya da buta a hannu. Ban san ko ta rushe mini zancen ba ne ko ta tabbatar da shi.

Muka yi salla tare, muka ci tuwon dawa a kwano ɗaya. Da za mu tafi ya rako mu har bakin rafi. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ce mishi na yafe duniya da lahira. Shi kuma shi yafe mini zancen rijiya. Ni ne ban kyauta ba."

Na so in tambaye shi wace rijiya, amma kunya ta hana ni. Ɗan wa ai ya kamata a ce ya sani.

Ya kwatanta mana wata hanya da ba ta bi ta duwatsu ba, kuma ga mamakina ta fitar da mu daidai. Ni na tuƙa har Kebbe. A hanya muka yi ta gardama. Taubashina ya ce ko makaho ya shafa fuskar nan ya san jininmu ne, har yadda yake karkata kai in yana saurare irin nawa ne. Na ce to sunan uwar fa? Ya ce ni ma in na kai shekarunsa a daji sai na manta sunan tawa. Can kuma, bayan mun yi faci a wani ƙauye, shi da kansa ya ce, "Amma fa gurgun nan shina damuna. Ka tambayi Baba ko ƙanensa ya taɓa karyewa?"

Mun shiga Tambuwal bayan sallar isha'i. Ban ko wanke ƙafa ba na zauna gaban Baba na ba shi labari, ban ɓoye komai ba, har da zancen gurgu da na masu sayen shanu. Da na faɗi laƙabin, bai nuna ya san shi ba, bai kuma musa ba. Da na zo kan rijiya ya ɗago kai.

"Wace rijiya?"

"Ni ma ban sani ba, Baba. Na ɗauka kai ka sani."

Ya kalli rufin zaure. Sai na ga kafaɗunsa suna motsi, na zaci kuka ne, ashe dariya ce, marar sauti, har ta sa shi tari.

"Ya dai ce ya yafe?"

"Ya ce duniya da lahira."

"Alhamdu lillahi. Tashi ka ci abinci."

"Baba, ƙanen naka gurgu ne?"

"Da ya tafi dai da ƙafa biyu ya tafi."

Bayan mako biyar Allah ya yi wa Baba rasuwa. Inna ta ce a kwanakin nan ya fi samun barci, har ya koma cin tuwo. A zaman makoki na ja gwaggona gefe na tambaye ta. Ta ce gidansu ba a taɓa haƙa rijiya ba, a maƙwabta suke ɗiba. Da na faɗi laƙabin kuwa sai ta rufe baki da mayafi, ta ce in bar tone-tone ana cikin makoki. Daga baya na sake tuntuɓarta, ta ce ba ta tuna mun yi wannan magana ba.

Na yi niyyar komawa bayan damina, sai aiki ya riƙe ni, daga baya kuma dajin ya zama ba a shigarsa yadda aka ga dama. Wata ranar kasuwa, da kaka, na dawo daga makaranta matata ta nuna mini wata gora cike da man shanu, an toshe bakinta da totuwa. Ta ce wani mutum ne ya kawo a kan babur, ya ce a ba ni, in ji baffana, yana yi mana ta'aziyya. Na ce daga ina ya zo? Ta ce bai faɗa ba, ko ruwa bai tsaya sha ba. Na fita da gudu har bakin kasuwa ina duba masu babura, ban san ma wa nake nema ba. Da na dawo na tarar ta riga ta zuba man a miyar dare, yara suna ta santi.