Ampilin Tomas Mai Cigiya

Idan ka nemi Tomas a Arlit ba mai nuna maka gida, sai dai a ce ka tsaya ka kasa kunne. Ɗan Maradi ne. Ya zo lokacin da kamfanin ma'adinai ke ɗibar ma'aikata kamar ba gobe, ya yi aikin lantarki har kasuwar uraniyom ta faɗi aka sallame su. Waɗansu suka tattara suka koma gida. Shi kuwa ya ɗaura lasifika biyu a kan tsohuwar Fijo ya zama mai cigiya: akuya ta ɓata, an tsinci katin wani, tsohuwa ta manta hanyar gida, duk bakin Tomas ne. Zama bai karɓe shi ba. Ko a majami'a ran Lahadi ƙafarsa rawa take a ƙarƙashin benci, matarsa Lydia ma kan ce kujerar gidansu ba ta san maigidan ba.

Ciwonsa ɗaya ne, ƙara ba ta isarsa. Wannan ciwo ne ya kashe masa ampili, akwatin da ke ƙara wa murya ƙarfi. Lasifikansa kowace om takwas ce a ma'aunin turjiyar wuta, in an haɗa biyu gefe da gefe su koma huɗu, daidai abin da akwatin ke iya ɗauka. Tomas ya san haka sarai, amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Ya ƙaro wasu biyu, lissafi ya sauka om biyu, ampili ya yi ta jan wuta har ya yi hayaƙi ana tsakiyar cigiyar jaki.

Washegari da safe sai ga Ghissa, wani Ba'abzine mai gadi. Fari ya cinye dabbobin ubansa, tsoho Almustafa, shi ne ya ɗauko shi ya ajiye a bukka a bayan gari. Hankalin tsohon ya soma gushewa.

"Tomas, Baba ya shiga daji," in ji Ghissa. "Ba ruwa, ba takalmi. In rana ta yi tsaka, ba zan same shi da rai ba."

Tomas ya ruga shagon Fatahu mai kayan sauti. Ampili biyu suka rage, don tun da tawaye ya yi zafi kaya ba sa zuwa sai da rakiyar soja. Fatahu ya dafa babban ya ce, "Ɗan gari, ɗauki wannan, har Agadas za a ji ka."

Ran Tomas ya biya, ba ƙarya. Sai dai ya san irinsa: rabin wutar da ya sha daga batir zafi yake mayar da ita. A daji kuma dole a kashe mota in ana son jin mai amsawa, batir kaɗai zai riƙe murya. Ya juya ƙaramin, sabon samfuri mai cin wuta kaɗan, ya ga an rubuta om huɗu a bayansa. Ya ɗauke shi yana jin haushin kansa, ya kwance lasifika biyun da ya ƙara, suka kama hanya.

Sojojin bakin gari suka bar su, da gargaɗin kada su sauka daga sawun motoci saboda nakiya. Tomas ya tsaya a bakin wani busasshen kwari ya kashe mota.

"Cigiya, cigiya. Malam Almustafa, in kana ji ka fito."

Shiru. Suka matsa gaba, ya sake, ya kuma sakewa, yana buga sitiyari da yatsu, rana tana ta hawa. Can Ghissa ya hangi sawu a yashi, sabo, ya bi shi da ido. Sawun ya nufo hanya, ya juya, ya shige cikin duwatsu.

"Dakata," ya ce. "Gudunmu yake. Mota mai babban murya, da Hausa, cikin daji. Ya zaci soja ne."

Tomas ya sauke makirfo daga bakinsa. Ashe duk kiran da ya yi ƙara kora tsohon yake cikin rana. Ya taɓa ampili, da ɗan ɗumi kawai, batir da sauransa. Ya miƙa wa Ghissa makirfo.

Ghissa bai kira ubansa ba. Ya kira Tamallalt, farar raƙumar tsohon, da irin kiran da suke mata a bakin rijiya, a hankali, yana jan sunan. Tomas ya zauna ko motsi bai yi ba, abin da Lydia ba ta taɓa gani ba.

Tsohon ya ɓullo daga bayan dutse, leɓunansa a tsage, ƙafa na jini. Bai dubi ɗansa ba, bai dubi ruwan da aka miƙa masa ba. Ya zagaya bayan mota, ya dawo, ya yi tambaya da Tamajak, yarensu. Ghissa ya amsa.

"Me ya ce?" Tomas ya tambaya.

"Ya ce ina take. Na ce tana gida, ya shiga mota mu je."

Raƙumar tun bara ta mutu a hannun tsohon. Tomas ya kashe ampili ya tada mota. Har suka shiga gari kan tsohon na waje ta taga, yana duba yashi ko zai ga sawunta.