Kwanukan da Suka Daina Dawowa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata, Hajiya Larai mai abinci, amma sai a bana na fara jin tsoron cewa abin da ta bari ma ya kama hanyar bin ta.

Duk wanda ya daɗe a Lafia ya san gidan abincinta a unguwar Bukan Sidi, ko da bai taɓa shiga ba, domin ƙamshin miyar riɗinta yakan tsallaka titi ya yi wa mutum sallama. Ni ƙanenta ne, malamin makaranta, na yi ritaya da ciwon baya da tarin littattafai. A cikinsu akwai na dabarun kasuwanci, masu bayanin yadda manyan shaguna da gidajen abinci na duniya suka bunƙasa: ɗanɗano ɗaya a kowane reshe, allo iri ɗaya, da sauri. Na karanta su da kyau. Ban ga babin da ya yi maganar dabarar Yaya ba.

Dabarar kuwa ita ce wurin zamanta. Masu abinci sukan zauna a bakin ƙofa, kusa da akwatin ciniki. Ita 'yar kujerar tsuguno take ajiyewa can baya, gefen bahon wanke-wanke, kuma ba a tsoma kwano a ruwa sai ta gan shi. Takan karkata kai gefe guda, ta ɗan tura abin da aka rage da cokali, sannan ta miƙa. Na taɓa yi mata tsiya, na ce mai wuri guda ta koma zaman 'yan wanke-wanke. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, kai ba takardun yara kake kwana dubawa ba? To ga nawa takardun."

Ta san mutanenta. Mu nan ba ma kushe abinci a gaban mai shi. Ka tambayi mutum, sai ya goge baki ya ce Alhamdulillahi, ya yi daɗi, daga nan kuma ba za ka sake ganinsa ba sai a wurin jana'izar wani, inda zai ce maka ayyuka ne suka yi yawa. Kara ce, kuma abu ne mai kyau a zaman tare, sai dai ta rufe gidajen abinci da dama ba tare da masu su sun san abin da ya same su ba.

Lokacin da Lafia ta zama babban birnin jiha ma'aikata suka cika gari, Yaya ta lura kwanukansu suna dawowa da miya kwance a gefe. Ba wanda ya yi ƙorafi. Ita ta gane cewa mai farar shadda da zai koma ofis tsoron manja yake yi, sai ta rage shi a tukunyar rana, ta bar wa direbobi da manoman Doma tasu yadda suke so. Na kuma tuna wani Bativi mai fataucin doya da ya miƙe yana cewa, "Hajiya, miyan nan ya yi kyau sosai," alhali ya bar rabi. Ta yi masa godiya har bakin ƙofa, ta dawo ta ɗanɗana, ta gane buhun riɗin ya fara tsufa. A ranar ba a ƙara zuba wa kowa miyar ba, kuma mai riɗin ya ji a jikinsa.

Yanzu ɗanta Nasiru ke riƙe da wurin. Ya karanta harkar kasuwanci a jami'a, kuma ni na matsa aka tura shi, don haka ba ni da bakin yi wa boko gori. Yaron ya yi ƙoƙari. Ya buɗe reshe a hanyar Makurdi da wani kusa da ɗalibai, ya haɗe girki a kicin ɗaya, ya sa wa ma'aikata riguna iri ɗaya. Mutum na kwance a ɗakinsa zai latsa waya, ɗan acaɓa ya kawo masa sakwara a roba tana tururi. Bayan Sallar nan kuma yana shirin kwashe tebura da bencina daga gidan na Bukan Sidi, wanda shi kaɗai ya rage ana cin abinci a kwano. Hujjojinsa ba na banza ba ne: haya ta tashi, gas ya tashi, ga samari da ke sayen kwano ɗaya su yini suna cajin waya a ƙarƙashin fanka.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce. Ba na jin za ta ƙi wayar. Ita ce ta fara sayen firji a layinsu lokacin da maƙwabta ke cewa ruwan sanyi yana kawo ciwo. Ina jin za ta zagaya kicin ɗin ta yaba tsabtarsa, ta sa wa ɗanta albarka, sannan ta waiga ta ce, "To, ina kwanukan?" Wannan tambayar ce take hana ni sukuni, domin robar da ta fita ba ta dawowa.

Na gwada faɗa wa Nasiru. Ya nuna mini waya yana murmushi, ya ce, "Kawu, ai yanzu mutane da kansu suke ba da maki. Duba, taurari biyar-biyar." Na duba. Masu taurarin nan 'ya'yan masu Alhamdulillahin nan ne, kara kawai ta koyi latsa waya. Har na ga sunan wani abokina da na san ya koma cin abinci a wani wuri.

Ranar Juma'ar da ta wuce na sa aka kawo mini sakwara da miyar riɗi. Na ci rabi na kasa ƙarasawa. Ba ta lalace ba, ba kuma abin da zan nuna da yatsa. Ta yi mini kama da insha'in ɗalibin da ya kwafa: babu kuskure, babu kuma mai shi a ciki. Mai ɗakina ta ce a zuba wa kaji. Na rufe robar, na tari Keke Napep, na sami Nasiru a ɗan ofishinsa, na ajiye a kan tebur.

"Kawu, ba a kawo daidai ba ne?"

"An kawo daidai. Kwanonka na dawo maka da shi."

Ya yi dariya, sannan ya buɗe. Sai na ga ya karkata kai gefe guda, ya ɗauki cokali ya ɗan tura miyar. Rabona da ganin wannan karkata kan tun Yaya na da rai. Ya ɗanɗana.

"Sun daina soya riɗin kafin a niƙa," in ji shi. "Tun yaushe?"

"Ina zan sani? Ni kaɗai ne marar aikin yi da zai biyo roba har nan. Sauran kajinsu suke ba wa."

Ya rufe robar. Sannan ya ce, "Kawu, na fa riga na yi magana da mai sayen teburan." Bai ce ya fasa ba, ni ma ban roƙe shi ba.

Riɗin za a gyara, wannan mai sauƙi ne. Abin da ke damuna shi ne na gaba, wanda ba wanda zai kawo masa. Sunan Yaya yana kan allo a wurare uku, girkinta yana hannun masu aiki, amma abin da ya riƙe gidan tun farko idonta ne a kan abin da mutane suka ji kunyar faɗa. Na ga idon bai mutu ba, yana fuskar ɗanta. Ban sani ba ko za a bar masa abin da zai kalla.

Sallah ta matso. Jiya na bi ta gidan na Bukan Sidi kamar mai wucewa, na ga bencinan suna nan. Na leƙa baya, 'yar kujerar ma tana nan gefen baho, har wani ya goge ta. Ban dai tarar da kowa a kanta ba.

Allah Ya jiƙan Yaya Larai, Ya sa ta huta.