Ba a Katse Baba Fijabi

Ibidun ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba. Tun da aka fara kwas ɗin haɗa bidiyo da sauti a wani bene da ke unguwar Mokola a Ibadan, kujerar baya take zama, hannu a kan cinya, ido a kan yatsun malami. Bakinsa bai dame ta ba. Idan Mista Oyelaran ya juyo ya ce, "Akwai tambaya?" sai ta sunkuyar da kai kamar an nemi ta faɗi shekarunta a bainar jama'a.

Ba rashin kai ne da ita ba. A inda ta taso ba haka ake koyo ba. Tana budurwa uwarta, mai sayar da barkono a kasuwar Oje, ta kai ta shagon Baba Fijabi mai ɗaukar bidiyon bukukuwa, ta durƙusa ta ce ga 'ya nan a koya mata sana'a. Shekara bakwai Ibidun ta yi tana riƙe masa fitila. Ita ke naɗe waya, ita ke goge gilashin kyamara, ita ke tafiya da baya da baya a gaban masu rawa, hannu a sama har kafaɗa ta mutu. Jan maɓallin nan na ɗauka kuwa, ko da wasa yatsanta bai taɓa hawa kansa ba. Sau ɗaya ta taɓa tambayarsa dalilin wani abu, ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Idonki ciwo yake?" Daga ranar ta rufe baki ta buɗe ido.

Dokokin Baba uku ne. Duk wanda ya sa ankon biki sai an gan shi a faifai, ko da tuwon amala ne cike da bakinsa. Sannan babba na magana ba a katse shi, kuma ba a kashe kyamara sai Baba ya ce a kashe. Shi ya sa bikin binne tsohuwa ɗaya kan ci faifai huɗu, masu gida kuma su yi ta sa albarka.

Kafin ya yaye ta, kowa a Ibadan ya koma ɗaukar bikinsa da waya. Ta fito da albarkar ubangida da sana'ar da babu mai nema. Ta yi 'yan shekaru tana jiran shagon wata mata a Dugbe, har ta ji labarin kwas ɗin nan, da cewa waɗanda suka ci aikin ƙarshe za a tura su wani kamfanin shirya tallace-tallace a unguwar Bodija. Guraben kaɗan ne. Ibidun ta riga ta bar shagon matar, kuma matar ta ɗauki wata.

Koyarwar Mista Oyelaran ta riƙa ba ta haushi tun makon farko. Sai ya nuna abu sau ɗaya, a gurguje, ya ce, "To, kowa ya danna. Ku ɓata, ku gyara. Kwamfuta ba ta cizo." Yara sai su rufar wa injin kamar kaji an watsa tsaba. Ita kuwa ta kasa. Yaya za a yi ka taɓa abin da ba ka gama ganin yadda ake taɓa shi ba? Sai ta tashi ta tsaya a bayan Siju, wani ɗan ajin mai saurin hannu da saurin baki, ta zuba wa yatsunsa ido.

"Anti Ibidun, numfashinki na dafa mini wuya," in ji Siju. "Ko dai sona kike ne, ki faɗa, ni ban ƙi babbar mace ba."

"Danna abinka, mara kunya. Na yi goyon waɗanda suka girme ka."

Mista Oyelaran ya hango su. "Ibidun, kwamfutarki marainiya ce? Koma ki zauna ki yi kuskure. Kuskure nake son gani."

"To, Oga."

Ta koma ta zauna, ba ta taɓa komai ba. Sai an tashi, aji ya watse, ta maimaita duk abin da ta ga yatsun Siju sun yi, daki-daki, ba tuntuɓe. Ta iya. Amma babu wanda ya taɓa ganin ta tana koyo, malamin kuma abin da ya gani yake ba maki.

Da aikin ƙarshe ya zo, ya ce kowa ya samo mai wata sana'a ya yi fim a kansa. Minti uku, ba ƙari. Ibidun ba ta yi dogon tunani ba ta ce Baba Fijabi. Ta gaya wa uwarta cewa girmamawa ce. Abin da ba ta gaya wa kowa ba, so take tsohon nan ya zauna a kujera ya ga yatsanta a kan jan maɓallin.

Ta same shi ranar Asabar ya sha babbar riga da hula, ya share shago, ya jera tsofaffin faifai a bayansa. Ta durƙusa gwiwa biyu ta gaishe shi. Ya dubi 'yar kyamarar da makaranta ta ba ta aro.

"Wannan ce? Na zaci madubin kwalliyarki ne."

"Ita ce, Baba."

"Matsa hagu. A'a, hagunki. Wa zai riƙe miki fitila?"

"Ba ta bukatar fitila, Baba."

"Uhm. Zamani."

Ta danna. Bai ko kalli yatsan ba. Ya gyara murya ya fara da gaida Allah, ya gaida mai unguwa, ya gaida ubangidansa da ya rasu, ya yi wa zuriyarsu kirari tun daga kakan kaka. Ya lissafo manyan da ya ɗauka, da attajirar da ta yi masa liƙi har hularsa ta faɗi. Ya buga ƙirji ya ce, "Ba a biki a garin nan ba a kira Fijabi ba. Ba a yi ba, ba za a yi ba!" Ya kusa cin awa guda.

Da ya gama sai ya tashi kawai. Bai ce a kashe ba, don haka ba ta kashe ba. A tsallaken titi ana bikin suna, makaɗa sun saki kalangu. Baba ya buɗe kabad ya ciro tsohuwar kyamararsa, ƙatuwa kamar ɗan akuya, ya goge ta da hannun riga, ya ɗora a kafaɗa. Ya danna, ba ta kama ba. Ya sake dannawa. Duk da haka ya je bakin ƙofa ya tsaya, ya manna ido, yana bin masu rawa da matacciyar kyamara. A can kowa ya ɗaga waya sama. Babu wanda ya waiwayo. Hannunsa na rawa a jikin maɗaurin kyamarar.

Ranar nuna aikin gwaji, Ibidun ta kawo duka, ba ta cire ko tari ba. Tun ana kirarin kakanni wasu suka fara hamma. Siju ya ɗora kai a tebur yana minsharin ƙarya.

Mista Oyelaran ya tsayar. "Ibidun, minti nawa na ce?"

"Uku, Oga."

"Wannan fa?"

"Magana yake, Oga. Ba a katse babba."

"Ba katse shi za ki yi ba, tace shi za ki yi. Aikin ke nan gaba ɗaya! Wata nawa muna nan? Wanda ba zai iya yankewa ba ya je ya sayi tasi." Ya ja linzamin kwamfutar da fushi ya tsallake zuwa ƙarshe, don ya ga inda abin ya tsaya. Sai ga Baba a bakin ƙofa. Siju ya ɗago kai.

Malamin ya bari har ya ƙare, sannan ya ce a hankali, "Ga fim ɗinki nan. Kin binne shi a ƙarƙashin gaisuwa."

"Wannan ba ya ciki, Oga. Mantawa ya yi bai ce a kashe ba."

"Juma'a mai zuwa. Minti uku, ko kuma in ba wani gurbinki a Bodija. Ba ni da yadda zan yi."

Kwanakin da suka biyo baya ta sha wahalar da ba ta sha ba a riƙon fitila. Ta cire gaisuwar mai unguwa, sai ta ga kamar ta mari mai unguwa, ta mayar. Ta cire attajirar, ta tuna jikokinta na nan a Oje, ta mayar. Ta gwada ƙara wa maganar sauri, Baba ya koma kamar tsuntsu, ta ji kunya ta goge. Abin da ya fi ƙona mata rai, ta san kowane maɓalli. Hannunta ya iya yanka sarai, ita ce ta ƙi.

Ranar Laraba da rana Siju ya same ta a bakin matakala tana cin gasasshiyar ayaba da gyaɗa. Ya zauna, ya ɗebi gyaɗar ba tare da an yi masa tayi ba.

"Anti, in tambaye ki mana. Kin ce tsohon nan mantawa ya yi."

"Eh."

"Ke ma mantawa kika yi kika juya kyamara kika bi shi har ƙofa? Kika jawo hannunsa kusa har ana ganin jijiya? Ni ban taɓa ganin mantuwa mai saiti haka ba." Ya yi dariya. "In girmamawa ce, ai da wurin kika fara gogewa. Shi kaɗai ne ba ki taɓa ba."

"Ajiye mini gyaɗata ka ɓace."

Ya tafi yana dariya, ya bar ta da ayaba ta huce a hannu. Gaskiya ya faɗa, ɗan banza. Lokacin da ta ga hannun nan na rawa, wani abu ya yi mata daɗi a ƙirji, ta matso da hoton tana sane. Shekara bakwai hannunta ne ke rawa a sama shi yana tsawa. Dogon fim ɗin da take ta kārewa labule ne kawai: ta ajiye wurin, ta kuma tabbatar babu mai haƙurin kaiwa gare shi. Amma kuma da ta sake kallonsa, hawaye ne suka zo mata. To wanne ne gaskiya, tausayi ko ramuwa? Ta juya abin ta kowane gefe, ta kasa raba su.

Washegari a tsakiyar darasi, hannu ya tashi a kujerar baya.

Mista Oyelaran ya cire tabarau. "Jama'a, yau za a yi ruwa. Ina jin ki, Ibidun."

"Oga, yaya ake ɗauko muryar mutum daga wani wuri a ɗora ta a kan wani hoton?"

"Zo nan. A'a, ba a bayana ba. Zauna, ke za ki danna."

Ta danna ba daidai ba, muryar ta ɓace gaba ɗaya, aji na kallo. Ta ji kamar ƙasa ta tsage. Malamin ya ce, "Madalla! Sake." Ta sake.

Ranar Juma'a aka jera kujeru, aka kunna majigi, mutumin kamfanin Bodija ya zauna a gaba. Ana shirin farawa ƙofa ta buɗe. Baba Fijabi ne cikin babbar rigarsa, uwar Ibidun na biye da shi da goggoro kamar za ta ɗaurin aure. Uwar ce ta gaya masa. A wurinsu, almajirar sana'a ba ta nuna aikin hannunta ubangida ba ya nan. Samarin ajin suka zube suka gaishe shi, aka ba shi kujerar tsakiya.

Fim ɗin ya fara da shi yana buɗe kabad. Babu gaisuwa, babu kirari. Yana tsaye a bakin ƙofa da matacciyar kyamara, wayoyi sun cika tsallaken titi, sai muryarsa ta fito da ƙarfinta: "Ba a biki a garin nan ba a kira Fijabi ba." Hoton ya matso kan hannun. Kalangu ya ci gaba, sannan duhu.

Aka yi tafi. Mutumin Bodija ya juya yana tambayar wace ce Ibidun. Mista Oyelaran ya nuna ta da alfahari, ya ce Litinin za ta fara.

Ta je ta durƙusa a gaban Baba. Ya bar ta a ƙasa har gwiwarta ta fara zafi. Yana kallon farin bangon da hoton ya bari.

"Ina mai unguwa?"

"Yana cikin dogon, Baba."

"Ina ubangidana?"

"Duk suna nan. Ban zubar da komai ba."

"Na ce ki kashe ne a wurin nan?"

"Ba ka ce ba, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Dokarsa ce, ya san ta. Ya miƙe ya tattara rigarsa. "A kai mini nawa, dogon, can shago. Wannan naku ne." Hannun da yakan ɗora mata a ka don sa albarka ya zura shi a aljihu, ya fita. Uwarta ta bi shi da sauri tana "Baba, Baba," ko kallon 'yar ba ta yi ba.

Ranar Litinin a Bodija aka zaunar da ita gaban kwamfuta, aka ba ta hirar wata dattijuwa mai sayar da sabulu, aka ce a mayar da ita rabin minti. Matar ta fara da gaisuwa. Kafin ta kai ga sunan mijinta, yatsan Ibidun ya riga ya yanke. Ko ɗar bai yi ba. Ta janye hannun ta ɗora a cinya, ta daɗe tana kallonsa, har mai kamfanin ya leƙo ya ce ko akwai matsala.

"Babu, Oga," in ji ta. Ta ci gaba da yanka.