Kar ɗin Ɗan Majalisa

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga unguwar Lazaret, mu teloli da direbobi 'yan gari ɗaya da neman abinci ya kawo Yamai. Ɗan majalisar jiharmu ne ya aiko mana da kar, wato babbar bas, har ƙofa, mu je gida mu sake zaɓensa kafin a rufe iyaka. Tun ina koyon ɗinki yake kan kujerar nan, yau ga furfura a gemuna. Kowane zaɓe alkawarinsa ɗaya ne, gadar rafin garinmu. Daminar bara a kan gado aka ɗauki mahaifiyata, aka ƙetare da ita zuwa asibiti, ruwa iya ƙirji.

Hanyar Doso sumul, direba sai zuba gudu yake. Can aka sayo mana dambu da zogale, ya ji mai ya ji yaji. Wakilin ɗan majalisa yana ta zagaya mu yana murmushi kamar mai kai awaki kasuwa. A lissafinsa, duk wanda ya zauna a kujerar kar ya riga ya dangwala masa yatsa a ƙuri'a. Na cinye dambuna, na kora da fura. A Gaya rake ya yi araha, kowa ya cika baki, har jandarma ya leƙo ya rasa mai ba shi amsa.

Ranar zaɓe rana ta buɗe sosai, amma tsofaffi suka kafe a layi. Da aka ƙirga akwatin garinmu, mai girma ya sha ƙasa warwas. Sauran garuruwa suka tsamo shi, ya koma kujerarsa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Washegari muka fito bakin titi da jakunkuna, babu kar babu dalilinta. Na kira wakili a waya.

Ya ce, "Malam tela, wanda kuka zaɓa ya maida ku."

Na ce, "Alhaji, dama tun farko ba kai ka kai mu Yamai ba."

A bayan motar rake muka dawo, ƙugu na ciwo, muna ta dariya har Babbar Kasuwar Yamai. Tafiyar nan ta koya mini cewa kyautar ɗan siyasa zuwa kawai take da shi, ba ta da dawowa. Na san damina na tafe, gada kuma ba ta tafe, wataƙila ma yanzu mai girma ya samu hujjar mantawa da mu. Amma in za a sake ɗaukar Inna a kan gado, ba da yatsana ba.