Mudir Tanimu da Akwatin Gawar Hirudus

Abubuwa da yawa na zaman Riyad sun gushe mini, amma ban da ranar da aka miƙa wa Lawali guduma aka ce ya fasa aikin hannunsa karo na biyu. Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya ku saurara, don irin Tanimu ba sa ƙarewa a wuraren aiki.

Wajejen 2014 ne. Ina fenti a wata warsha, wato ɗakin sana'a, a Birnin Masana'antu na Biyu, inda muke kwaikwayon gine-gine da kayan tarihi da jibs, wato farin garin nan da ake kwaɓawa a zuba a mazubi ya daskare. Tsarin wurin ba wuya. A sama akwai Abu Fahad, mai warshar kuma kafil ɗinmu duka, wato ubangidan da ya tsaya mana a ƙasar. Sunansa ne a kan iƙamarmu, wato takardar izinin zama, in ya ga dama ka zauna a ƙasar, in ya ga dama ka tattara. Ƙarƙashinsa akwai mushrif mai kula da ma'aikata, sai masu zuba jibs, sai mu masu fenti.

Mushrif ɗin shi ne Tanimu, Bahaushe ɗan'uwanmu, wanda a da shi ke jan motar kaya. Ranar da aka damƙa masa makullan warsha ya sayi farar jallabiya da jan shimag, ƙyallen nan da Larabawa ke yafawa a ka, ya kuma hana a kira sunansa, sai dai "mudir", wato manaja. Har Lawali, ɗan yayarsa da shi ya kawo shi ƙasar, bai tsira ba. Ya ce masa, "A gida nake kawunka. Nan mudir nake." A gabanmu sai tsawa da kumfar baki, amma da Abu Fahad ya leƙo sai ka ga mutum ya narke. Kalma ɗaya ya riƙe, "abshir", wato an gama. Ba ya bari a kai ƙarshen magana. Da an ce "ina so" ya ce "abshir", ya ruga ɗauko gahawa.

Lawali shi ne gwaninmu a zubi da sassaƙa. Wata rana Abu Fahad ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa ya ce hannunsa zinariya ne. Tun daga ranar Tanimu ya sa masa ido. A tunaninsa kujerarsa ake hari, kujerar da ba ta wuce ta roba ba, kusa da na'urar sanyaya ɗaki.

Sai aiki ya zo daga wani tsohon malamin jami'a, masanin tonon kayan tarihi, muna ce masa Duktur. Yana haɗa ɗakin nuni a gidan gonarsa a kan Nabatawa, mutanen da suka sassaƙa kaburbura a duwatsun Mada'in Salih, tare da maƙwabtansu. Cikin maƙwabtan akwai Hirudus, sarkin Yahudawa a zamanin Rumawa, wanda uwarsa daga Nabatawan ta fito. Duktur ya baje hotuna a teburinmu yana bayani. Ya ce mutumin bai gaji sarauta ba, Rumawa ne suka naɗa shi. Yana da fada da sojoji, amma ko magaji ba ya iya tsayarwa sai Rum ta yarda.

Na ce da Lawali a hankali, da Hausa, "Ashe sarki ne mai kafil."

Lawali ya tuntsire da dariya. Duktur ya tambayi abin dariyar, na fassara masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce bai taɓa jin bayanin da ya fi wannan ba. Ya ƙara da cewa tsoron a ƙwace masa kujera ya sa Hirudus ya kashe matarsa da 'ya'yansa uku, kuma ya tara ƙasa ya ɗaga tudu guda ya gina fada da kabarinsa a kai. Tanimu bai ji zancen mata da 'ya'ya ba, tudun kawai ya ji. Ya gyara shimag ya ce, "Wallahi wannan namiji ne."

Abin da Duktur yake so shi ne kwaikwayon akwatin gawa na jan dutse mai zanen furanni, wanda masu tono suka gano a tudun, suke kuma kyautata zaton na sarkin ne. Ya ce, "Ku yi mini shi cikakke tukuna, sannan..." Tanimu ya ce "abshir" ya fita ɗauko gahawa da dabino. A bayansa Duktur ya ƙarasa maganar: sannan a fasa shi. A farfashe aka tono shi, kuma a farfashe yake so ɗalibai su gan shi.

Lawali ya zuba akwatin, ya sassaƙa furannin, na shafa masa launin jan dutse. Ya fito da kyau ƙwarai. Da zai fasa ya je ya sanar da kawunsa, ina tsaye. Tanimu yana kan waya, ya kaɗa masa hannu ya ce, "Yalla, yalla," wato je ka, je ka. Lawali ya dawo ya sa guduma.

Da Tanimu ya shigo ya ga gutsattsari a ƙasa, sai ka ce an taka wutsiyar kare. Ya ce maƙarƙashiya ce, an fasa ne don a kunyata shi a gaban kafil.

Lawali ya ce, "Kawu, Duktur ne ya ce..."

"Mudir!"

"Mudir, Duktur ne ya ce a fasa."

"Wane mahaukaci ne zai sa a yi abu don a fasa? Ni za ku raina wa hankali?"

Na ce masa ina wurin aka yi maganar, ya buga wa Duktur waya mana ya ji. Ya ce shi ba zai dami babban mutum da shirmen lebura ba, ni kuma in kama bakina in ina son iƙamata. A ranar ya je wa Abu Fahad da labarin cewa Lawali ya lalata aiki da gangan. Abu Fahad ko tambaya bai yi ba, ya ce "ala kaifak", yadda ka so. Aka buga wa Lawali huruj niha'i, wato bizar fita ba dawowa. Ga shi matarsa ta haihu a gida, bai ko ga ɗan ba, kuma aikin nan ne abincinsu. Ya kwashe kayansa ya koma ɗakin wani abokinsa a unguwar Utaiƙa yana jiran ranar jirgi. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na daina amsa gaisuwar Tanimu.

Shi kuwa gogan naku sai ya sa aka tattara gutsattsarin aka liƙe su, aka cike tsagun, ya tilasta mini in sake fenti. Bai tsaya nan ba, ya ce akwatin sarki ba ya zama haka fayau, a zagaya furannin da ruwan gwal. Na ce to, mudir. Ban taɓa shafa gwal da jin daɗi irin na ranar ba.

Ranar karɓar aiki Duktur ya zo tare da Abu Fahad. Tanimu ya yaye ƙyallen da kansa yana washe baki. Duktur ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan gadon amarya ne ko me?" Ya tambaya ina yaron da ya yi wa bayani. Abu Fahad ya juyo ya dube ni, na faɗa masa komai tiryan-tiryan. Tanimu ya fara "tal umrak, tal umrak", ranka ya daɗe ke nan, Abu Fahad ya ɗaga masa hannu ya ce, "Miftah." Makulli. Nan take sarautar ta ƙare, ko zama ba a yi ba.

Aka tura mota Utaiƙa ta ɗauko Lawali. Aka kankare gwal ɗin, Duktur ya miƙa masa guduma. Kafin ya ɗaga Lawali ya ce, "Duktur, shi na ainihin, wa ya fasa shi? Rumawa?"

Duktur ya ce, "A'a. Masu tono suna ganin mutanen ƙasarsa ne, bayan ya daɗe da mutuwa. Rumawa me ya dame su da shi?"

Lawali ya dubi kawunsa, wanda aka sa ya riƙe gefen akwatin don kada ya zame, sannan ya sauke gudumar.

An soke bizar fitar, Lawali ya ci gaba da aikinsa. Kujerar robar kuwa ba a ba shi ba, ba a ba kowa cikinmu ba. Abu Fahad ya kawo ɗan ƙanwarsa ya zaunar, Tanimu ya koma motar kaya.

Abin da na koya a sana'ar bai da yawa: ka bari mai aiki ya kai ƙarshen maganarsa kafin ka ce an gama. Game da mutane kuwa, na ga wanda aka ara wa makulli ya fi mai ƙofar zafin hali, kuma a kan nasa yake fara gwadawa. Bayan kwana biyu Tanimu ya tare Lawali a bakin masallaci, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Haba ɗana, ai ni kawunka ne, kada uwarka ta ji wannan." Lawali ya sa takalminsa ya ce, "Abshir, mudir." Har na baro Riyad ban ji ya kira shi da wani suna ba.