Itacen Jegon da Muka Yi Tuwo da Shi

Matso kusa ka ji abin da ban taɓa faɗa wa ko 'ya'yana ba. Wata Laraba ce da damina, 'yan shekaru bayan Faransawa sun sauka daga mulki, ƙasar ana ce mata Dahome tukuna. Na dawo daga lakwal, wato makarantar boko, na tarar da amalanke a ƙofar gidanmu a Zangon Paraku, ana sauke itace. Baba, wanda mahauci ne, yana tsaye da rigar kasuwa yana nuna inda za a jera, bakinsa har kunne. Itacen wankan jego ne, irin wanda miji ke tarawa tun ciki yana ƙarami. Inna tana bakin murhu, ta kasa ɗaga kai.

Ni na jawo. Shekarata tara, ni kaɗai na rayu cikin biyar da ta haifa, ga kunne da ba ya barin magana ta wuce. Na taɓa jin matan gida suna cewa in mace ta yi watanni ba fashin salla, to ciki ne. Na kuwa lura wata huɗu Inna ba ta yi fashin salla ko sau ɗaya ba. A bakin famfo, ina jiran bokitina ya cika, na sanar wa kowa za a yi mini ƙane. Kafin la'asar zancen ya isa mahauta. Kunya ta hana Baba tambayarta, washegari sai ga itace.

A kwanakin nan Inna takan jiƙe da zufa ana ruwan sama, ta yi faɗa ba dalili, ta koma ɗaki ta yi kuka. Bayan mako biyu ta ɗauke ni a kamyo, babbar motar kaya, zuwa Jugu, gidan Iya Gambo mai goro, ƙanwar kakata. Duk Alhamis mata sa'o'in Inna sukan taru a ɗakinta suna zaɓen goro, su ware mai tsutsa, su naɗe mai kyau a ganye su yayyafa ruwa, baki yana aiki kamar hannu. Wata ta ce, "Ni jiya don zafi saura kaɗan in shige randa," aka yi ta dariya. Inna ta faɗi nata a hankali. Iya Gambo ta ce, "Ladi, ba ciki ba ne, ba kuma iska ba ce. Jini ne ya gama aikinsa. Kukan haihuwar ki yi shi nan, mu taya ki." Inna ta ce, "Iya, itacen fa?" Ta ce, "Ki gaya wa mijinki da bakinki, sannan ki yi tuwo da shi."

Haka ta yi. Itacen ya kai mu har Babbar Salla, maƙwabta suna duban cikinta, su dubi tarin yana raguwa. Ba ta taɓa yi mini faɗa a kan zancen ba. Sai dai kullum da yamma ta ce, "Jummai, miƙo mini itace," in miƙa, ina guje wa idonta.

Yau ga ni da farin gashi, na yi tawa zufar. 'Ya'yana sun kai ni wurin likita, ya rubuta magani, Allah ya saka masa, amma ɗakin goro babu. Inna ta rasu ban ce mata ta yafe mini ba; kullum ina cewa gobe. Kai fa, akwai wadda kake barin neman gafararta sai gobe?