Harsasan Orval Ashirin da Biyar

Orval Tveit manomin alkama ne a jihar Dakota ta Arewa a Amurka, kuma a zamaninsa babu wanda ya kama ƙafarsa wajen ɗura harsashin bindigar harbin tsuntsaye. Kwanson da wasu suka harba suka yar shi yake tsincewa, ya sauya 'yar hular da ke tada wuta, ya auna albarushi, ya danna matoshi, ya zuba ƙwayoyin dalma, ya naɗe bakin tsaf. Kai, sai ka rantse daga kanti ya fito.

Wata rana yana tsakar aiki waya ta yi ƙara, ya tashi, ya dawo ya rufe kwanso ɗaya babu albarushi. Ƙanensa Lyle ne ya harba shi. Matoshin ya maƙale a bututu bai sani ba, da ya sake harbi bindigar ta tsage, ta tafi masa da yatsu biyu. Orval ya lulluɓe injinsa na ɗura harsashi da tamfol. Shekara goma sha tara Lyle bai taɓa tada maganar ba, kuma shirun nan ne ya fi cin ran Orval.

Orval yana da shekara saba'in da shida ya yaye tamfol ɗin.

"Tsoho, me kuma kake tonowa?" in ji matarsa Vernice.

"So nake in ga ko Lyle zai karɓi harsashi daga hannuna."

Ba a taɓa ganin aiki irin wannan ba. Mutumin da a da yake cika ɗari kafin kofi ya huce, yanzu ɗaya yake yi, ya haska ciki da tocila, ya ɗora a sikeli, sannan ya taɓa na biyu. Ko Vernice ta kira shi cin abinci ba ya amsawa. Sai da ya yi sati uku ya cika kwali guda na harsashi ashirin da biyar.

Ran Lahadi bayan coci ya kai shi filin da ake cilla fayafayan yumɓu sama ana harbinsu, ya ajiye gaban Lyle.

Lyle ya dubi kwalin. "Yaya, naka ne?"

"Nawa ne. Ga sikeli a mota, in kana so ka..."

"Sikeli? Alkama zan saya?"

Ikon Allah! Ko jijjiga harsashin a kunne bai yi ba. Da yatsu ukun nan ya zura shi, ya kafa bindiga a kafaɗa, ya ce a saki. Faifan ya tashi, ya tarwatse ya zama ƙura. Orval kuwa ya zauna a kan benci yana kuka bai damu da wa ke kallo ba.

Lyle ya buɗe bindigar, ya cire kwanson da zafinsa, ya sa wa Orval a tafin hannu.

"Kada ka yar, Yaya. Sati mai zuwa zan sake harba shi."